Ɗinki a Ɗaki, Kasuwa a Birni: Tarihin Matan Karkarar Bangaladash

  Ina fata an sauke tukunya, yara sun wuce makarantar allo, an samu ɗan sararin zama. Mai ɗinki ta ci gaba da ɗinkinta, kunne kawai nake roƙo.

Bari in fara da tambaya. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa kashe mako uku ko huɗu a kan hula guda ba, ido na ruwa, baya na ciwo, ta gama ta miƙa wa dillaliya ko wani ƙanen maigida ya kai kasuwa, sa'an nan ta shiga jiran kuɗi? Yau a ce ba a sayar ba. Gobe a ce an sayar amma mai saye bai cika ba. Jibi a ce wanda aka ba kayan ya yi tafiya. Kafin kuɗin su iso hannu zare ya ƙare, an ci bashin sabulu, jarin ya karye. Wata daga nan take ajiye allura ta ce sana'ar ba ta karɓe ta ba.

To, wannan ciwo ba a gidajenmu kaɗai yake ba. Yau zan kai ku wata ƙasa mai nisa, inda mata Musulmi 'yan uwanmu, masu zaman kulle, suka sha irin wannan jira. Za mu ji yadda wata baƙuwa da ta je ƙasar, ita da wata 'yar ƙasar, suka gano inda ciwon yake, da maganin da suka yi masa a shekarar 1978.

Sunan ƙasar Bangaladash. Indiya ce ta kewaye ta kusan ta ko'ina, sai ta kudu da teku ya tare. Girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin shida na Nijeriya ba, amma mutanenta sun kai miliyan 170, kuma tara cikin goma Musulmi ne. Ƙasar ruwa ce. Manyan koguna uku ne suka haɗu a cikinta kafin su zuba a teku, da damina kuwa wasu ƙauyukan sai da kwalekwale ake shigarsu. Shinkafa ce tuwonsu, kifi ne namansu. Lokacin da Turawan Ingila suka bar Indiya a 1947, an haɗa wannan yanki da Pakistan, ana ce masa Pakistan ta Gabas, alhali tsakanin ɓangarorin biyu akwai tafiyar fiye da kilomita 1,500 ta cikin ƙasar Indiya.

Matan karkararsu suna kiran kulle parda, wato labule. A wancan zamani mace ba ta cin kasuwa, miji ko ɗa ne ke kai abin sayarwa ya sayo cefane. Amma da zarar an girbe shinkafa ta shigo gida, aiki ya koma hannun mata. Su ne turarawa, su ne shanya, su ne surfe, su ne sheƙa. Turminsu daban ne da namu: wani dogon gungumen itace ne da ake takawa da ƙafa, ya ɗaga ya sauka a kan shinkafar da ke cikin rami, wata na gefe tana juyawa. Matan talakawa kan je aikatau gidajen masu hali su wuni suna taka wannan itace, ladansu abincin rana da ɗan tsakin shinkafa. Da injinan casa suka fara shigowa ƙauyuka, wannan ɗan aikatau ma sai ya soma ƙwacewa. Duk da wannan wahala, in ma'aikatan ƙidaya sun zo, abin da akan rubuta a gaban sunan mace shi ne matar gida, ba ta da aiki.

A daren 12 ga watan Nuwamba 1970, wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta afka wa kudancin ƙasar. Ruwa ya hau tsibirai ya shafe ƙauyuka cikin dare, mutane aƙalla 300,000 suka rasu. Allah Ya jiƙan Musulmi. Cikin waɗanda suka tashi kai agaji akwai wani akanta mai suna Fazle Hasan Abed, wanda ya yi karatu a Ingila, yana riƙe da babban muƙami a kamfanin mai na Shell. Akwai kuma wata Ba'amurkiya, Martha Chen, wadda ta zo birnin Dhaka tare da mijinta, likita mai bincike kan cutar kwalara. An haife ta a 1944, iyayenta 'yan mishan ne, a arewacin Indiya ta girma, don haka zaman ƙasa a kan tabarma da cin abinci da hannu ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ba wanda ya ɗauke su aiki. Su da wasu abokansu suka haɗa kai, suka tara abin da suka iya, suka riƙa kai abinci da magani da tufafi wani tsibiri da ake kira Manpura, wanda guguwar ta yi wa mummunar ɓarna.

Hawaye bai bushe ba sai ga yaƙi. A watan Maris 1971 rikici ya ɓarke tsakanin sojojin Pakistan da mutanen gabas masu neman 'yancin kai. An yi wata tara ana zubar da jini, mutane kusan miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya. A ranar 16 ga Disamba 1971 yaƙi ya ƙare, aka samu sabuwar ƙasa mai suna Bangaladash. A lokacin yaƙin Martha ta koma Amurka tana faɗakar da mutanen ƙasarta abin da ke faruwa. Shi kuwa Abed ya bar aikin kamfani ya tafi Landan yana tara taimako. Da yaƙi ya ƙare sai ya sayar da gidansa na Landan, ya dawo gida da kuɗin, a 1972 ya kafa ƙungiyar da duniya ta sani yau da suna BRAC.

Sun fara aiki a wani lungu mai suna Sulla a arewa maso gabashin ƙasar, inda 'yan gudun hijira suka dawo suka tarar ba gida ba gona. An gina dubban gidaje, an sassaƙa wa masunta jirage. Daga nan ne suka yi kuskurensu na farko, kuma yana da kyau mu ji shi. Sun ɗauka ƙauye tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, in an kawo taimako kowa zai samu. Suka gina ɗakunan taro, suka buɗe ajin yaƙi da jahilci. Sai suka lura masu gonaki da masu faɗa a ji ne ke kwashe amfanin, talaka na gefe, mace kuwa ko ƙofar ɗakin taron ba ta zuwa. Ba su ɓoye kuskuren ba. Zuwa 1977 suka sauya salo gaba ɗaya, suka ce daga yanzu da marasa gona za su yi aiki, musamman mata.

Abin da ya ƙara buɗe musu ido shi ne yunwar 1974, wadda ta biyo bayan wata babbar ambaliya. A yankin Jamalpur, arewa da Dhaka, an ga matan da ba su taɓa taka ƙofar gida ba sun fito suna ɗaukar ƙasa a ka wajen gyaran hanya don a biya su da alkama. Da yawansu zawarawa ne, wasu yaƙi ya cinye mazajensu, wasu mazajen sun gudu sun bar su da 'ya'ya. A 1975 BRAC ta buɗe shirin mata zalla a Jamalpur, shekara guda bayan haka ta buɗe wani babban shiri a Manikganj, yamma da Dhaka. A wannan shekara ta 1975 ce Martha Chen ta shiga aikin, ta haɗu da Ayesha Abed, matar Fazle Hasan Abed. Waɗannan mata biyu, baƙuwa da 'yar gida, su ne ginshiƙin labarinmu.

Ku dubi yadda suka ɓullo wa al'amarin. Baƙo mai neman lada sau da yawa yakan zo da sana'arsa a cikin akwati, ya tara mata ya ce ga abin da za ku koya, ya raba takardar shaida, a ɗauki hoto, ya tafi. Su waɗannan sai suka fara da zama a tsakar gida suna tambayar mata abin da suka riga suka iya da abin da ke hana su cin moriyarsa. Aka haɗa matan ƙungiya-ƙungiya, ana zama kowane mako, kowace na ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa. Da ma matan ƙasar suna da wata tsohuwar al'ada: duk sa'ad da za a ɗora tukunya, sai uwargida ta ɗebi shinkafa cikin tafin hannu guda ta zuba a wata tukunya ta daban, don ranar da babu. A kan irin wannan hali na tattali aka ɗora asusun ƙungiya.

Sana'o'i da dama aka gwada, har da kiwon kaji da surfen shinkafa, amma biyu ne suka shafi labarinmu. Ta farko kiwon tsutsar siliki. Kada abin ya ba ku mamaki, mu ma muna da irinsa. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, ai daga gidan wata tsutsa ake samunsa, sai dai tamu a daji take, tasu kuwa a ɗaki ake kiwonta a kan faifai. Ana yanka mata ganyen wata bishiya da ake kira malbari, ta yi kamar mako huɗu tana ci ba dare ba rana, tana saɓa har sau huɗu. In ta ƙoshi sai ta fara fitar da zare daga bakinta tana naɗe kanta, cikin kwana biyu zuwa uku ta rufe kanta ruf. Wannan gida nata shi ake dafawa a ruwan zafi a warware, kuma zaren gida ɗaya kan kai tsawon mita ɗari-ɗari. Aiki ne mai son tsabta da kula kamar rainon jariri, ga shi kuma ba ya bukatar gona ko fita, shi ya sa ya dace da matar da ke cikin gida.

Ta biyu kuwa gadon kakanninsu ce, ana ce mata nakshi kanta. Kun san zanen nan mai tsawo da matan finafinan Indiya ke naɗawa, wanda ake kira sari. To, a karkarar Bangaladash in sari ya tsufa ba a yar da shi. Mace za ta tara tsofaffi uku ko biyar ko fiye, ta shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya, ta zare zaren launi daga bakin wani tsohon zanen, ta bi su da ƙananan ɗinki a jere har su zama mayafin rufa guda mai taushi. A tsakiya takan zana furen bado, a gefe kifi da tsuntsu da giwa da kwalekwale da duk abin da idonta ya saba gani. Da damina aka fi yin sa, lokacin da ruwa ya tsare kowa a gida. Wani yakan ci watanni, wani shekaru. Uwa kan yi wa 'yarta ta tafi da shi gidan miji, kaka ta yi wa jika. Ba a san shi da sayarwa ba, kuma da bargunan kamfani suka cika kasuwa sai ya fara ɓacewa. Matan Jamalpur gwanaye ne a kansa, ba su bukatar kowa ya koya musu riƙon allura.

Kaya suka fara fitowa, masu kyau kuwa. A nan ne aka yi karo da bango. Masu sayen irin waɗannan kaya suna birnin Dhaka, kuma 'yan kantunan da ke karɓa ba su da yawa. Sharaɗinsu ɗaya ne: ajiye kayanki, in an sayar a biya ki. Sai a yi makonni, wani lokaci watanni, tsakanin kai kaya da karɓar kuɗi. Mai kanti ba abin da ya yi asara, kayan wata ne ke ƙawata masa kanti. Ita kuwa matar da ke ƙauye, wadda abincin daren yau ke jiran wannan kuɗi, ita ce ta zama mai ba attajirin birni bashi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan bashin a cikin mai yunwa kaɗai yake. Ayesha da Martha suka ga in ba a warware wannan ƙulli ba, duk koyarwar da aka yi ta tashi a banza.

Suka nemi shawarar wata ƙungiyar agaji ta Kiristocin Amurka da Kanada, 'yan ɗariƙar Mennonite, wadda ta shigo ƙasar bayan guguwar 1970. Su ma suna da tsohon labari a kan wannan matsala. A 1946 wata matarsu mai suna Edna Ruth Byler ta raka mijinta tsibirin Puerto Rico, ta tarar 'yan sa kai suna koya wa matan karkara aikin allura, amma ba mai saye. Sai ta sayi kaɗan da kuɗinta ta koma Amurka, ta riƙa zuba su a bayan motarta tana bi gari-gari tana nuna wa mata, tana karɓo oda tana aika wa masu ɗinkin. Ta yi shekaru tana wannan talla ba ta cin riba. Daga bayan motar nan ne aka samu jerin kantunan da daga baya, a 1996, aka sa wa suna Ten Thousand Villages. Don haka da aka zo musu da kukan matan Manikganj da Jamalpur, sun san ciwon.

A watan Disamba 1978 aka buɗe wani ɗan kanti a kan titin Mirpur cikin birnin Dhaka, aka sa masa suna Aarong, wato kasuwar ƙauye da harshensu na Bangali. Dokarsa ta farko ita ce: ranar da aka kawo kaya aka duba aka karɓa, ranar za a biya. Ko kayan sun yi wata shida a kan kanta, wannan damuwar kanti ce, ba ta mai ɗinki ba. Nauyin jira ya tashi daga kan mai ƙaramin ƙarfi ya koma kan mai babban ƙarfi. Doka ta biyu ita ce inganci. Ba su yarda a sayi kaya don tausayi ba, domin mai saye don tausayi sau ɗaya yake saye. In ɗinki ya karkace ko launi ya zuba, a mayar a gyara. Suka kuma kawo masu zane da suka san abin da matan birni ke so, aka ɗauki ɗinkin nakshi kanta aka sa shi a kan sabon yadi, a riguna da mayafai da rigunan matashin kai da jakunkuna. Abin da ake yi da tsumma a ƙauye ya zama abin ado a birni.

Sai jarrabawa ta zo. A 1980 Martha Chen ta bar Bangaladash ta koma Indiya da wani aikin. 'Yan ƙungiyar Mennonite su ma bayan 'yan shekaru suka janye suka bar wa BRAC kantin. A 1981 kuma Allah Ya yi wa Ayesha Abed rasuwa tana da ƙuruciyarta. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, ɗan gari kaba. Sau nawa muka ga an buɗe cibiyar koyon sana'a da kiɗa da jawabi, mai kawo ta na juya baya kekunan ɗinki suka yi tsatsa? Aarong bai mutu ba, saboda tun farko ba a kan baƙuwar aka gina shi ba. Lissafi yana hannun 'yan ƙasa, sana'ar ta 'yan ƙasa ce, masu saye ma mafi yawansu 'yan ƙasa ne.

A 1982 aka kafa gidauniya da sunan Ayesha Abed don ta riƙe ɓangaren ɗinki, cibiyarta ta farko a Manikganj. Tsarin shi ne: akwai manyan cibiyoyi inda ake yanka da rini da buga zane, sa'an nan akwai ɗaruruwan ƙananan cibiyoyi a cikin ƙauyuka, kusa da gidajen matan. Yadi da zare daga gidauniya suke zuwa, don haka mace ba ta bukatar jari. Ta yi aikin allura, shugabar cibiya, wadda ita ma mace ce, ta duba ta rubuta, a biya ta gwargwadon abin da ta ɗinka.

Kada in sa ku ɗauka komai ya tafi sumul. A wajajen 1993 da 1994 wasu malamai da masu faɗa a ji na karkara sun tashi haiƙan a kan ƙungiyoyi irin su BRAC, suna zarginsu da fitar da mata daga kulle da raba su da addini, wasu kuma suna sukar kuɗin ruwan da ke cikin rancen da ake ba mata. An ƙona makarantu, an sassare bishiyoyin malbari da mata suka dasa a gefen hanya suna gadi. Akwai kuma ƙorafin da ya fito daga masu ƙaunar sana'ar kanta. Da can mace ce ke zana abin da ke ranta a kan mayafinta, yanzu kuwa daga birni ake aiko zanen a kan yadi, nata bin layi kawai. Ladan aikin allura kuma har gobe bai kai wahalarsa ba, in aka kwatanta abin da mai ɗinki ta karɓa da farashin da ke manne a jikin riga a kanti. Waɗannan maganganu ne na gaskiya, ba a gama warware su ba.

Duk da haka darasin 1978 ya zauna musu. Da mata da yawa suka karɓi rance suka sayi shanu, sai aka sake ganin tsohuwar matsala: ga madara, ba mai saye da daraja, kafin a kai gari ta lalace. A 1998 BRAC ta buɗe kamfanin madara, ta kafa wuraren sanyaya ta a karkara, tana saye daga hannun masu kiwo, tana sayarwa a birni da sunan Aarong.

A yau Aarong na da manyan kantuna fiye da 20 a biranen Bangaladash, in sallah ta gabato sai an yi layi ake shiga. Masu sana'ar hannu fiye da 65,000 ne ke ci daga gare shi, mafi yawansu mata, kuma wani kaso na ribarsa na komawa ayyukan BRAC na makarantu da kiwon lafiya. Fazle Hasan Abed ya rasu a watan Disamba 2019. 'Yarsu Tamara, wadda tana ƙarama mahaifiyarta Ayesha ta rasu, ta girma ta zo ta shugabanci kantin da uwarta ta kafa.

Ita kuwa Martha Chen, abin da ta gani a tsakar gidajen Jamalpur da Manikganj bai bar ta ba. Ta rubuta littafi a kan matan a 1983, daga baya ta zama malama a jami'ar Harvard. A 1996 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da wata yarjejeniya da ta ce mai aiki a cikin gidanta don a biya ta, ita ma ma'aikaciya ce mai haƙƙi, ko da yake ƙasashe kaɗan ne suka sa mata hannu. A 1997 Martha da wata Ba'indiya mai suna Ela Bhatt da wasu abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar WIEGO, wadda aikinta shi ne ta sa gwamnatoci su ƙidaya irin waɗannan mata, su daina rubuta cewa ba su da aiki.

To, 'yan uwa, me za mu ƙulla a bakin zane daga wannan tarihi? Mu dai ba a bar mu a baya ba wajen iyawa. Ɗinkin hula, saƙa, kitso, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, turaren wuta, taliya, duk daga cikin ɗakunanmu suke fita. Inda muke karyewa shi ne tsakanin ƙofar gida da kasuwa. Saboda haka duk ranar da wani ya zo unguwarku da sunan taimako, Bature ne ko Balarabe ko ɗan gari, daga gwamnati ko daga ƙungiya, ku karɓe shi hannu bibbiyu, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku aika masa da tambayoyi ta bakin shugabarku ko ta bakin maigida. In mun yi kayan, wa zai saya? Yaushe za a biya mu, ranar kai kaya ko sai an sayar? In an ce kaya ba su yi ba, asarar ta wace ce? In kun tafi, a hannun wa littafin lissafi zai zauna? Mai niyyar alheri zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai kuwa, kun san inda ya dosa.

Kuma ba sai mun jira baƙo ba. Matan gida biyar ko goma masu sana'a iri ɗaya za su iya ware wani abu daga adashinsu ya zama asusun sayen kaya. Duk wadda ta gama hula, a duba, in ta yi kyau asusu ya biya ta nan take, ta sayi zare ta ɗora wata. Hulunan su taru, a ba mutum ɗaya amintacce ya kai kasuwa a dunƙule, a rubuta adadi da farashi a gaban shaidu, kamar yadda addininmu ya hore mu da rubuta bashi. Mai hula goma sha biyu a hannu tana da bakin ciniki da mai hula ɗaya ba ta da shi. Wani amfanin kuma, 'ya'yanmu mata za su huta da yawon talla, su zauna a makaranta. Sai dai a riƙe amana, a kuma jure gyara. In 'yar uwarki ta ce ɗinkinki ya karkace, ki warware ki sake, don sunan ƙungiya ne a jikin hular.

A nan zan dakata, na ga lokaci ya yi halinsa. Wadda ke da irin wannan asusu a unguwarsu, ta sa a rubuto mana yadda suke tafiyar da shi da matsalolin da suka ci karo da su, za mu karanta a fili don wasu su amfana. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mazajenmu abin rufin asiri, Ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.